Usyk da Muhammad Ali: da sun haɗu a fage ɗaya, wa zai kashe wani?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wada, Zariya. Tun ranar da Oleksandr Usyk, ɗan damben boksin na ƙasar Yukren, ya doke Tyson Fury karo na biyu muke musu da kawuna. Shi ya ce 'yan damben yanzu duk hoto ne, wai da za a dawo da Muhammad Ali da ƙuruciyarsa, ko turmi biyar ba za su yi a gabansa ba. Ni kuma na ce na yanzu sun fi girman jiki, sun fi samun horo da abinci mai kyau, mutanen da ba za su iya da su ba. Tunda ka daɗe a harkar, don Allah ka raba mana gardama."

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da kawun naka, ka faɗa masa musun nan ya girme ka. Lokacin da nake yaro a Sabon Gari, dattawan da ke zama a ƙofar gidanmu irin maganar da suke yi wa Ali ɗin kansa ke nan: wai surutu ya iya da tsalle-tsalle, da Joe Louis zai same shi da ya rufe masa baki. Haka ma a damben gargajiya, wanda ya ga Shago da idonsa ba ka isa ka kawo masa sunan ɗan damben yau ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ni a hannun wani tsohon soja na fara sa safar dambe, a ƙarshen shekarun 1970, kuma na kwashe sama da shekara talatin ina koya wa yara damben boksin a garin nan. Damben Ali da George Foreman na Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974, a rediyo muka ji shi gab da kiran assalatu, domin da wajen ƙarfe huɗu na asuba aka yi shi, kuma agogonmu da nasu ɗaya ne. Ina ƙaunar Ali, ba zan ɓoye maka ba. Amma ƙauna ba ta raba gardama, saboda haka bari mu bi abin a hankali.

Tambayarka guda biyu ce a haɗe. Ta farko: da za a sa su a fage ɗaya, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai yi nasara? Ta biyu: wa ya fi girma a tarihin dambe? Kai kana magana a kan ta farko, kawunka rabin maganarsa a kan ta biyu take. Shi ya sa kuka kasa daidaitawa.

Maganar girman jiki

A nan kana da gaskiya, kuma gaskiyar ba ƙarama ba ce. Rocky Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba a taɓa doke shi ba har ya ajiye a 1956, nauyinsa bai wuce wajen kilo 85 ba. Jack Dempsey ma haka. Joe Louis yana kai-kawo ne a wajen kilo 90. Da a yau suke, Marciano da Dempsey ba za su shiga ajin masu nauyi ba sam, sai ajin da ke ƙasa da shi, wanda ake kira kuruza, da aka ƙirƙiro a 1979, kuma yau iyakarsa kilo 90 da 'yan kai. Ka ɗauki Fury mai tsawon santimita 206, wanda ya hau sikeli da wajen kilo 119 a karonsa na farko da Usyk, ka tsayar da Marciano kusa da shi. Bambancin ya haura kilo 30. Duk wanda ya ce maka wannan ba komai ba ne, bai taɓa shiga cikin igiya ba.

Mutane suna ɗauka amfanin nauyi shi ne ƙarfin naushi. Akwai wannan, amma babban amfaninsa yana wajen runguma. Idan ƙato ya rungume ka ya sakar maka nauyinsa a wuya da kafaɗa, ƙafafunka ne ke biya. Kafin alƙali ya raba ku ka ɗauki rabin buhun masara na wasu daƙiƙoƙi, kuma za a maimaita maka haka sau da yawa a kowane turmi. Abin da Fury ya yi wa Deontay Wilder ke nan a 2020 har aka tsayar da damben a turmi na bakwai, kuma da shi Wladimir Klitschko ya riƙe kambu daga 2006 zuwa 2015: naushin hannun gaba, wanda muke ce wa jab, sai dama ta biyo baya, idan ka matso ya rungume ka.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutumin da ya sa ku musu, wato Usyk, shi ne ya rushe hujjar taka da hannunsa. Tsawonsa santimita 191. Tsawon Ali santimita 191. Faɗin hannuwansu idan sun ware, santimita 198 kowannensu. Ali ya shiga damben Kinshasa da wajen kilo 98, Usyk ya shiga karonsa da Fury a Riyad ranar 18 ga Mayun 2024 da wajen kilo 101. Ka ga ashe zakaran wannan zamani na ƙattai, wanda ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya doke Fury sau biyu, ya doke Daniel Dubois sau biyu, jikinsa jikin mutanen 1970 ne. Idan mai irin wannan jiki zai iya gamawa da ƙattan yau, da wane baki za mu ce Ali ko Larry Holmes ba za su iya ba?

Kuma abin ba sabo ba ne. A 1919 Dempsey ya kayar da Jess Willard mai kilo 111 har sau bakwai a turmin farko kaɗai. A 1935 Louis, da kilo 89, ya gama da Primo Carnera mai kilo 118 a turmi na shida. Shi kansa Fury, Steve Cunningham da ya taso daga ajin kuruza ya kai shi ƙasa a 2013, Wilder kuma da kilo 96 kacal ya kayar da shi sau biyu a 2018. Sai dai in yi adalci: Willard da Carnera ƙattai ne masu nauyin ƙafa, ba su da zilliyar Fury ko kaifin idon Lennox Lewis. Abin da ya canza tun daga shekarun 1990 shi ne an samu ƙattan da suka iya dambe na gaske. Wannan ne ya sa nake ganin Marciano da Dempsey za su sha wuya ƙwarai a yau. Amma daga kilo 95 zuwa sama, mutum ya riga ya kai nauyin da naushinsa zai kayar da kowane ɗan Adam. Daga nan sai ƙafa da numfashi da ƙwaƙwalwa.

Na ga wannan da idona a wajen atisaye. An taɓa kawo mini wani dogon yaro daga Samaru, jiki kamar ƙofa, na haɗa shi da wani gajeren ɗan mahauta da ya taso a damben gargajiya. Turmin farko dogon ya yi ta tsinkar gajeren da jab kamar mai kaɗa mangwaro. Na ce wa gajeren kada ya nemi kai, ya riƙa zagayawa yana sa dogon juyawa, yana taɓa cikinsa. A turmi na uku dogon baki buɗe yake numfashi, hannuwansa sun sauko har ƙugu. Ƙato kullum yana ɗauke da kayansa, kuma huhu ba ya ƙaruwa daidai da yadda jiki ke ƙaruwa. Abin da ya faru a Riyad ke nan, a mataki mafi girma. Tsakiyar damben Fury ne ke kan gaba, yana ɗago haɓar Usyk da naushin ƙasa, yana dukan cikinsa. Amma Usyk bai bar shi ya huta ko na daƙiƙa goma ba, a turmi na tara ya sauke masa hagu, Fury ya yi ta tangaɗi igiya na tare shi, har alƙali ya yi masa ƙirga.

Da dokar wane zamani za a yi?

Wannan tambayar ba kasafai ake yin ta a majalisa ba, alhali ita ce rabin amsar. A zamanin Louis da Ali, damben kambu turmi 15 ne. Bayan mutuwar ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim a 1982, sakamakon karonsa da Ray Mancini, hukumar damben duniya ta WBC ta rage zuwa 12, sauran suka biyo baya kafin ƙarshen shekarun 1980. Turmi ukun nan na ƙarshe wata duniya ce daban. A 1941 Billy Conn, wanda Louis ya fi nauyi da sama da kilo goma, yana gaba da maki bayan turmi 12, sai Louis ya kayar da shi ya kasa tashi a na 13. Da dokar yau ce, Louis ya rasa kambunsa a daren. Joe Frazier ya kai Ali ƙasa a turmi na 15 a 1971. A karonsu na Manila, 1975, cikin zafi mai tsanani, sai bayan turmi na 14 kocin Frazier, Eddie Futch, ya hana shi fitowa.

Saboda haka idan ka ce Fury da Ali, sai in tambaye ka: turmi 12 ko 15? Mutum mai kilo 119 da zai bi Ali na tsawon minti 45, ban ga yadda ƙafarsa za ta kai shi ba. Usyk kuwa, shi kaɗai ne a cikin na yanzu da nake da yaƙinin turmi 15 ba za su dame shi ba, don kullum ƙarshen dambe ne lokacinsa.

Batun horo da abinci da ka kawo gaskiya ne, amma kada ka kai shi inda bai kai ba. Na yanzu suna da likitoci da masana abinci da bidiyon abokin karo da za su yi ta maimaitawa. Mutanen da kuma suna da abin da kuɗi ba ya saya, wato yawan shiga fage. A 1941 kaɗai Louis ya kare kambunsa sau bakwai. A 1966 Ali ya kare nasa sau biyar. Zakaran yau idan ya yi dambe biyu a shekara an ce ya yi ƙoƙari. Dambe ba gudun mita ɗari ba ne da agogo zai nuna maka na yau ya fi na jiya. Sana'ar hannu ce, kamar ƙira ko jima, kuma yawan yi ne ke gyara ta.

Akwai wata hujja da ta fi ta abinci ƙarfi a ɓangarenka, ko da yake ba ka kawo ta ba. A zamanin Ali, 'yan damben Tarayyar Sobiyet da na Kyuba ba a barin su su yi damben kuɗi. Teofilo Stevenson na Kyuba ya ci zinaren Olamfik sau uku, 1972 da 1976 da 1980, bai taɓa shiga fagen ƙwararru ba. Da a lokacin aka haifi Usyk da 'yan gidan Klitschko, waɗanda duk 'yan Yukren ne, da ba mu gan su suna neman kambun duniya ba. A ɗaya gefen kuma, ƙattan matasan Amurka da a da za su shiga dambe, yau ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka sun kwashe da yawansu. Kowane zamani da giɓinsa.

Tsofaffin da suka tsallako

Tunda ba za mu iya tayar da matattu ba, hanya mafi kusa da gwaji ita ce duba waɗanda suka yi dambe a zamani biyu. Foreman ya bar dambe a 1977, ya dawo bayan shekara goma da tumbi da sanƙo. A 1991, yana da shekara 42, ya yi turmi 12 cif da Evander Holyfield, zakaran lokacin. A 1994, yana da shekara 45, ya kashe Michael Moorer a turmi na goma ya karɓe kambu, shekara 20 bayan Ali ya kayar da shi a turmi na takwas a Kinshasa. Larry Holmes ma, da shekara 42, ya doke Ray Mercer a 1992, mutumin da ya ci zinaren Olamfik kuma ba a taɓa doke shi ba kafin ranar.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Ragowar mutanen 1970, bayan ƙarfinsu ya tafi, sun iya tsayawa da zaratan 1990. Zaratan 1990 kuma su ne su Lewis, wanda damben da ya rufe da shi a 2003 ya ci Vitali Klitschko ne. Ƙanen Vitali, Wladimir, shi ne wanda ɗan ƙasarmu Samuel Peter ya kai ƙasa sau uku a 2005 duk da ya sha kaye da maki, kuma shi ne Fury ya karɓe wa kambu a 2015, Joshua ya gama da shi a Wembley a 2017 bayan shi ma ya sha ƙasa. Sarƙar ba ta tsinke ba daga Ali har zuwa Usyk, kuma ban ga wani gurbi a cikinta da za a ce daga nan dambe ya zama wani abu dabam da na baya ba za su iya ba. Ban ce wanda ya ci wane dole ya ci wane ba, dambe ba lissafin makaranta ba ne. Amma wannan ya isa ya nuna cewa maganarka ta "mutanen da ba za su iya ba" ta yi tsauri.

Maganar kawunka ta "turmi biyar" ita ma ta yi tsauri, kuma ga dalili.

Idan aka sa su a fage

Usyk bahago ne, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Duk kocin da ya taɓa shirya yaro don karo da bahago ya san wahalar: ƙafar gaba tana karo da ƙafar gaba, jab ɗinka yana cin karo da hannunsa, naushin da ka saba gani daga dama sai ya zo daga hagu. Ni kan yi yawo unguwa-unguwa neman bahagon da zai yi wa yarana atisaye. A ajin masu nauyi bahagwai sun yi ƙaranci har sai 1994 aka fara samun bahago da ya riƙe babban kambu, wato Moorer. Ali ya gamu da bahago Karl Mildenberger a Jamus a 1966, yana tsakiyar ganiyarsa, kuma sai a turmi na 12 ya iya gamawa da shi. Mildenberger kuwa bai kama ƙafar Usyk ba. Usyk ya yi dambe sama da 300 kafin ya zama ƙwararre, ya ci zinaren Olamfik a Landan a 2012, ya haɗe kambu huɗu na ajin kuruza a 2018 a Mosko, a gidan abokin karonsa. Mutum irin wannan ba a gamawa da shi a turmi biyar.

Duk da haka, idan ka matsa mini, Alin 1966 zuwa 1967 zan ba nasara da maki, da ƙyar. Dalilina: Usyk yana cin ƙattai ne saboda ya fi su saurin ƙafa da hannu, yana sa su aiki fiye da yadda jikinsu ke so. A gaban Ali wannan fifikon ya tafi, domin Ali ya fi shi saurin hannu, ƙafarsa ba ta gaza tasa ba, ga haɓar da ta ɗauki naushin Sonny Liston da Foreman da Earnie Shavers. Amma Alin bayan 1975, mai jingina da igiya yana jiran mutum ya gaji, Usyk zai tara masa maki, don shi ba ya ɓarnar naushi yadda Foreman ya yi.

Wanda nake ganin zai fi wahalar da Usyk ma ba Ali ba ne, Frazier ne. Ka koma ka kalli turmin farko-farko na karon Usyk da Derek Chisora a 2020, ka ga yadda matsi ya takura shi. Ka tuna naushin cikin da Dubois ya kai shi ƙasa da shi a Foland a 2023, wanda alƙali ya ce ya sauka ƙasa da ƙa'ida, mutane kuma har yau suna gardama a kai. Frazier ba ya ja da baya, cikin mutum yake sara da hagu tun daga ƙararrawar farko har ta ƙarshe. Mike Tyson na 1986 zuwa 1988, wanda ya ɗauki kambu yana ɗan shekara 20 kuma ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, haɗarinsa yana turmi huɗun farko. Idan Usyk ya tsallake su, ni shi zan ba. Lewis kuwa, mai tsawo da nauyi da dama mai kisa, kuma wanda ya rama duka kayen biyu da ya taɓa sha, shi ne ƙaton da nake jin Usyk bai gamu da irinsa ba.

Ka riƙe wannan a matsayin ra'ayin mai koyar da yara, wanda ya san waɗannan mutane ta faifan bidiyo kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin ba zai taɓa yiwuwa ba. A ajin masu nauyi naushi ɗaya kan rushe duk lissafi: ba wanda ya ba Buster Douglas dama a kan Tyson a Tokyo a 1990, haka Andy Ruiz a kan Joshua a 2019.

A kan tambaya ta biyu kuwa, wato girma a tarihi, kawunka ne da gaskiya. Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Ali ya yi dambe 61, ya ci 56, ya doke Liston da Floyd Patterson da Frazier da Foreman da Ken Norton, alhali an ƙwace masa shekara uku da rabi na tsakiyar ƙuruciyarsa daga 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Usyk, zuwa karonsa na biyu da Dubois a Yulin 2025, dambe takwas ya yi a ajin masu nauyi, shida daga ciki da mutum uku ne. Ba laifinsa ba ne, ya doke duk wanda zamaninsa ya kawo, kuma shi ne na farko tun bayan Lewis a 1999 da ya haɗe kambun ajin gaba ɗaya. Wannan ya ba shi wurin zama a cikin manya. Amma saman tabarmar na Ali da Louis ne.

Ranar da ka samu sarari, ka ɗauki wayarka ka je wurin kawun naka bayan la'asar. Ku kalli damben Ali da Cleveland Williams na 1966, turmi uku ne kacal, sannan ku kalli turmi na takwas da na tara na karon Usyk da Fury na farko. Kada ku kalli hannuwa, ƙafafunsu za ku kalla: inda kowannensu ke ajiye ƙafar gaba kafin ya saki naushi, da inda yake komawa bayan ya saki. Idan kun gama, ka rubuto mini abin da kawu ya ce.